AUREN ITACEN LEMO: LOKACINSA DA YADDA A KE YINSA

A bayan gidanmu a Anguwan Rukuba dā akwai wani itacen lemo wanda tsohona ya shuka a shekarar da aka sa ni makaranta. Wani lemo ya sha mai zaƙi ƙwarai, ya ce ba zai yar da ƙwayarsa ba. Kowane rani mu yara muka yi ta ɗebo masa ruwa, muka kuma kewaye shi da shinge saboda awaki. Itacen ya yi tsawo har ya wuce rufin ɗaki, ga ƙayoyi kamar basilla, amma shekara 8 bai yi ko fure ɗaya ba. Cikin ta tara ya soma 'ya'ya kaɗan. Ba a daɗe ba sai muka ga ƙaro yana tsattsafowa daga gindinsa. Ɓawon ya ruɓe, ruɓar ta zagaye shi, ganye ya yi rawaya ya kakkaɗe. Wahalar shekara 12 ta tafi a banza.

Da na zo kwaleji na ga itatuwan lemo na lambunmu gajeru ne, ba su da ƙaya sosai, ga shi kuwa tun suna shekara 4 suna 'ya'ya. Malamin gona ya nuna mini wani ɗan karkace a jikin kowane, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ya ce nan ne aka yi musu aure. Na karanta yadda a ke yi, hutun Disamba na zuwa na tafi wurin wani dattijo maƙwabcinmu mai lambu a bakin rafi, na roƙe shi ya bar ni in yi wa ƙananan itatuwansa guda 30 aure. Ya bar ni. Guda 2 kaɗai suka kama. Bai yi faɗa ba, sai ya ce, "Ɗana, littafi ka tambaya, ba ka tambayi itacen ba." Sauri ya haifi nawa. Abin da na koya tun daga ran nan shi na ke so in rubuta muku, 'yan'uwana ɗalibai, domin kada ku biya kuɗin da na sa dattijon nan ya biya.

Mene ne auren itace?

Auren itace shi ne a ɗauki wani ɓangare na itace guda a haɗa shi da jikin wani, har su manne su zama ɗaya. Na ƙasa, mai saiwa, shi za mu kira gindi. Abin da a ke ɗora masa kuwa ko ɗan guntun reshe ne, ko ido guda tak. Ido shi ne ɗan kumburin nan da ke hammatar kowane ganye, inda sabon toho kan fito. Ga lemo auren ido aka fi yi ko'ina a duniya, gama reshe guda ya kan ba da ido da yawa, raunin da a ke yi wa gindi kuwa kaɗan ne, in bai kama ba sai a sake.

In ka ɓare ɗanyen reshe za ka ji wani santsi mai laima tsakanin ɓawo da icen ciki. Wannan wata siririyar fata ce wadda masana ke kira kambiyum. Ita ce ke haifar sabon ɓawo ta waje, da sabon ice ta ciki. Aure duka bai wuce a haɗa wannan fata ta ido da ta gindi ba, a tsare su daga iska da ruwa har su haɗe. In ta bushe kafin su haɗe, aikin ya lalace.

Don me ba za a shuka ƙwaya kurum ba?

Mutane su kan ce in ka shuka ƙwayar lemon zaƙi sai ta fito lemon tsami. Wannan ba daidai ba ne. Ƙwayar lemo guda ta kan fid da tsiro 2 ko 3, yawancinsu kuwa uwarsu su ke ɗaukowa sak. Ainihin aibin na ƙwaya shi ne jinkiri da ƙaya da cuta. Ya kan yi shekara 6 zuwa 10 kafin ya yi 'ya'ya, mai aure kuwa 3 ko 4, domin idon daga itacen da ya riga ya balaga aka ɗauko shi. Akwai kuma irin da ba shi da ƙwaya sam, kamar lemon nan mai cibiya da a ke kira Washington Navel. A 1870 aka kai shi birnin Washington daga Bahia ta ƙasar Brazil, a 1873 aka aika da ƙananansa Riverside ta Kalifoniya. Ɗaya daga cikinsu yana nan da rai a garin har yanzu, miliyoyin itatuwa kuwa ta hanyar ido suka fito daga zuriyarsu.

Zancen cuta ya fi duka nauyi. Ruɓar gindi mai fid da ƙaro, wadda ta kashe namu, wani ƙwaron cuta ne na cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ke kawo ta, lemon zaƙi mai tsaye a kan saiwarsa kuwa ba ya jure mata. A shekarun 1830 ta ɓata gonakin lemo na tsibiran Azores, daga nan ta bazu. Manoman duniya suka koma ɗora lemon zaƙi a kan gindin lemo mai ɗaci, wanda ke jure mata. Sai ga wata sabuwar annoba a shekarun 1930 da 1940 a Ajantina da Brazil, ta kashe miliyoyin itatuwa, waɗanda ke kan gindin mai ɗacin nan kuwa su ta fi ci. Suka sa mata suna tristeza, watau baƙin ciki. Ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan irin darɓa masu taruwa a kan sabon toho su ke ɗaukarta daga itace zuwa itace, ido mai cuta kuma yana kai ta. Ita ce ta kama gonakin lemon tsami na wajen Cape Coast ta ƙasar Gana a shekarun 1940, aka cece su ta wurin ɗora su a kan gindin babban lemon tsami mai kaushin ɓawo. Ashe zaɓen gindi ba abin wasa ba ne.

Gindi

Tun da ya ke tristeza tana nan a Afirka ta Yamma, kada a ɗora lemon zaƙi a kan mai ɗaci. Kada kuma a yi gindi da ƙaramin lemon tsamin nan na gida don shi ne kusa, gama yana cikin waɗanda cutar ta fi yi wa lahani. Biyu aka fi amfani da su a ƙasarmu. Na fari babban lemon tsami mai kaushin ɓawo. Yana girma da sauri, yana jure fari da ƙasa mai yashi, yana sa 'ya'ya da yawa, amma ɓawonsu kan yi kauri, zaƙinsu ya ragu kaɗan, shi ma kuwa ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi. Na biyu wani tanjarin ne mai ƙananan 'ya'ya da a ke kira Cleopatra. Yana da nawa wajen girma da soma 'ya'ya, amma lemon da aka ɗora masa ya kan yi daɗi.

A ciro ƙwaya daga nunannun 'ya'ya, a wanke, a shanya a inuwa kwana ɗaya, a shuka nan da nan, gama ƙwayar lemo in ta bushe ƙayau ta mutu. Zurfin rabin inci ya isa. Ta kan tsiro cikin mako 3 ko 4, da sanyi kuwa ta fi haka daɗewa. In tsiron ya yi ganye 4 zuwa 6 sai a mai da shi cikin baƙar leda ko wani fangali. Duk wanda saiwarsa ta lanƙwashe, ko ya tsumbure, ko kamanninsa suka bambanta da na 'yan'uwansa, a yar. A riƙa cire rassan gefe domin jikin ya miƙe sumul. Ya isa aure sa'ad da kaurinsa ya kai na fensir a tsayin inci 8 zuwa 12 daga ƙasa. A ƙasashe masu zafi wata 6 zuwa 9 kan isa, amma a nan kan dutse a sa rai da shekara guda.

Ido

Daga itacen da ka sani za ka ɗebo ido, wanda ka ga 'ya'yansa da idonka shekara da shekaru, mai lafiyayyen ganye. Duk cutar da ke jikin uwa tana cikin idon, za ta kuwa bi shi cikin kowane itacen da ka ɗora shi. Wanda ke son irin da aka tabbatar, kamar Valencia ko Washington Navel ko Agege 1, ya nemi malaman gona su haɗa shi da cibiyar binciken itatuwan marmari da kayan lambu ta ƙasa, watau NIHORT, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, tana kuma da reshe a Bagauda ta jihar Kano.

Sabon tohon lemo jikinsa yana da kusurwa, in ya kwana biyu sai ya mulmule. Mulmulallen za ka yanka, mai kore har yanzu, wanda bai kai fensir kauri ba, idanunsa sun cika amma ba su ɓude ba. Nan take ka yanke ganyen, ka bar ɗan guntun hannun kowane ganye don ya zama mariƙi. Ka naɗe rassan cikin jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa. Abin da ka yanka da safe ka ɗora shi ran nan.

Lokaci

Ga inda na faɗi, nan kuwa yawancin masu koyo ke faɗuwa. Littattafai da dama don Turai da Amurka aka rubuta su, watannin da su ke faɗa na can ne. Ko na ƙasarmu ma yawanci Ibadan ko Binuwai su ke nufi, inda a ke noman lemo da yawa. Jos kuwa tana bisa tudu wajen ƙafa 4,000, watau kamar mita 1,200, saboda haka yanayinmu dabam ya ke.

Ɓawon lemo ba ya saɓulewa daga icen ciki sai itacen yana cikin girma, ruwa yana gudu a jikinsa. Girman lemo kuwa ya kan kusan tsayawa in sanyi ya sauko ƙasa da digiri 13 na ma'aunin Salsiyas. A Disamba da Janairu dararenmu su kan kai haka, har su wuce. Ga kuma iskar hunturu wadda ke tsage mana leɓe da diddige. Abin da ta ke yi wa leɓenka shi ta ke yi wa ɗan idon da ka yanka, kafin ka gama ɗaure shi ya bushe. Ni a tsakiyar wannan na yi nawa. Ɓawon ya ƙi buɗewa, na yi ta tura shi da ƙarfi da bakin wuƙa, na kekketa fatar nan ta ciki ban sani ba.

Fabrairu da Maris zafi ne da fari. Mai ban ruwa kullum, mai rumfa, yana iya gwadawa, amma mai koyo ya haƙura. Ruwan fari na Afrilu shi ma kada ya ruɗe ka, gama ya kan zo da iska, wani lokaci har da ƙanƙara, sa'an nan ya ɗauke kwana da kwanaki. Ka jira sai damina ta zauna, ƙasa ta jiƙu sosai, itatuwa sun yi sabon toho. Wannan ya kan faɗo daga farkon Mayu zuwa ƙarshen Yuni, shi ne lokaci mafi kyau a wurinmu. Idon da ya kama a Mayu yana da sauran damina duka a gabansa don girma.

Yuli da Agusta lokacin marka ne. Ɓawo yana saɓulewa sarai, amma ruwa ba ya ɗagawa, rana ba ta fita sosai, ruwan kuwa in ya shiga raunin sai idon ya ruɓe ya yi baƙi. In marka ta wuce, daga Satumba zuwa farkon Oktoba, wata ƙofa ta sake buɗewa. Ƙasa da sauran laima, rana ta dawo. Sai dai wanda ya yi nasa a lokacin nan, lalle ya shirya ban ruwa da shingen zana ta gefen da hunturu ke busowa, domin tohon zai shiga rani yana ƙarami.

Duk da haka damina ba ta bin kalanda. Wata shekara ta yi sammako, wata ta makara. Saboda haka kafin ka taɓa itatuwa 30, ka tambayi guda. Ka ɗan tsaga ɓawonsa, ka sa farce ka ɗaga. In ya tashi da sauƙi, cikinsa da laima yana ƙyalli, lokaci ya yi. In ya manne, ko ya yage, ka ba su ruwa sosai mako guda ko biyu ka sake gwadawa. Amsar da dattijon nan ke nufi ke nan. Cikin yini kuma, da safe bayan raɓa ta bushe ya fi, ko da la'asar. Ba a yi da tsakar rana, ba a yi ana ruwa, ba a yi jikin itace yana jiƙe.

Yadda a ke yi

Kayan aikin kaɗan ne: ƙaramar wuƙa wadda aka wasa har tana aske gashin hannu, da leda mai laushi wadda aka yayyanka tsiri-tsiri, faɗin rabin inci, tsawon taƙi ɗaya, da tsumma mai tsabta, da ruwan bilic na wanki, kashi 1 cikin kashi 9 na ruwa. Da shi za ka riƙa goge wuƙar kafin ka tashi daga wannan uwa zuwa waccan, gama akwai cututtukan lemo masu bin bakin wuƙa.

1. Ka goge jikin gindin, ka zaɓi wuri mai sumul a tsayin inci 8 zuwa 12. Kada ka yi ƙasa da haka, don kada ruwan sama ya riƙa fantsamo laka a kan lemon zaƙin.

2. Ka tsaga ɓawon a tsaye, tsawon inci 1 ko fiye kaɗan. A ƙarshen tsagar ta ƙasa ka yi wata a gicciye, ya zama kamar harafin T wanda aka kifar. Ɓawo kaɗai za ka yanka, ban da icen ciki. A wuraren da ruwa ba shi da yawa a kan yi T ɗin a tsaye, amma kifaffen ya fi mana, gama ruwa ba ya samun bakin shiga.

3. Ka ɗauki reshen ido. Ka sa wuƙa kamar rabin inci bisa idon, ka zarce ta ƙarƙashinsa da ja guda, ka fito rabin inci a ƙasansa. Zai fito kamar 'yar garkuwa, da ɗan siririn ice a bayanta. Ka riƙe ta mariƙin nan. Kada yatsanka ya taɓa fuskar da aka yanka.

4. Ka ɗaga leɓunan ɓawon a hankali, ka zura garkuwar daga ƙasa zuwa sama har ta shige duka. Ka lura kada ka juya ta, lalle idon ya kasance bisa mariƙin, kamar yadda ya ke a jikin uwarsa.

5. Ka naɗe da leda, ka fara daga ƙasa ka hau, kowane zagaye yana hawa kan na bayansa kamar jinkar ɗaki, ka ɗaure tam a sama.

Daga tsaga zuwa ɗauri kada ya wuce minti guda. Mai koyo ya fara gwada hannunsa a kan rassan da aka sare, sau 20 ko 30, kafin ya je ga mai rai.

Bayan aure

Bayan mako 3 ka kwance ledar. In idon yana nan kore shar, mariƙin kuma ya faɗi da ka taɓa shi, ya kama. In ya yi baƙi ya motse, ka sake wani a ɗaya gefen muddin lokaci bai wuce ba.

Idon da ya kama ba zai yi toho don kansa ba, domin kan itace yana aiko da wani sinadari ƙasa wanda ke hana idanun da ke ƙarƙashinsa buɗewa. Saboda haka ka yanka gindin kamar inci 2 bisa idon, ta gefen da idon ya ke, ka ratsa fiye da rabin kaurinsa, ka tanƙwara kan ya kwanta. Ganyen nan na kwance zai ci gaba da ciyar da saiwa, idon kuwa ya samu hanya. In tohon ya kai ƙafa guda, ka datse kan gaba ɗaya dab da wurin auren, yankan a karkace don ruwa ya zurare. Ka kafa sanda ka ɗaure tohon saboda iska.

Gindin zai yi ta fid da nasa toho a ƙarƙashin auren. Ka murje su da yatsa kowane mako tun suna ƙanana. In ka ƙyale su za su rinjayi idon, bayan shekara 4 ka tarar lemon tsami ka yi reno. Na tabbata daga nan ne zancen nan ya samo asali, wai lemon zaƙi ya kan rikiɗe. In tohon ya kai ƙafa 2 da rabi ka tsinke kansa, ka bar rassa 3 ko 4 masu duban kusurwa dabam dabam. Da farkon damina mai zuwa sai dashe, ƙafa 20 zuwa 24 tsakanin itace da itace, a wurin da ruwa ba ya kwanciya. Kada ka binne shi fiye da zurfin da ya ke a leda, kada kuma ka tara taki ko ciyawa a jikinsa.

Tsohon itace

Wanda ke da babban itace lafiyayye amma 'ya'yansa ba daɗi, ba sai ya tumɓuke shi ba. Gab da damina ya sare manyan rassan ya bar guda don ya ciyar da saiwa, ya shafe jikin da farar ƙasa saboda ƙunar rana. Sababbin rassa za su fito. In sun kai kaurin fensir ya zaɓi 2 ko 3 a kan kowane kututture ya ɗora musu ido kamar yadda aka faɗa, ya cire sauran. Da ya ke saiwar ta riga ta kafu, ya kan soma 'ya'ya cikin shekara 2 ko 3. Amma itacen da ƙaro ya riga ya ci gindinsa aure ba ya warkar da shi.

To, 'yan'uwa, ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantu, wasunmu a ƙauyukan da lemo sai ran kasuwa. Kusan kowace makaranta tana da fili, yara kuwa hannunsu ya fi namu saurin koyo. Ajin da ya shuka ƙwaya bana, baɗi ya yi aure, zai sha lemon kafin ƙannensa su gama makaranta, kowane yaro kuma ya tafi gida da sana'a. Ni dai na koma wurin dattijon nan a Mayun da ya biyo baya, muka gwada ɓawo tare, na sake ɗora guda 28 ɗin. Guda 23 suka kama. Ya ba ni biyu, na dasa su a bayan gidanmu, nesa kaɗan da inda na tsohona ya mutu, bana kuwa sun yi furen fari. Mai son ya ga yadda a ke riƙe wuƙar ya same ni a lambun kwaleji ran Asabar da safe.